Kafin Ka Ɗauki Diga: Yadda Ake Gano Matsalar Wayar Fiba a Layin Talabijin na Abuja

Yawancin abin da mutanen Abuja ke kira kebul ta sama yake zuwa: dish a kan rufi, dikoda a falo. Amma a wasu manyan otal-otal da asibitoci na cikin gari, da wasu rukunin gidaje, tsarin daban ne. Ana kafa dish a wuri guda, a tara tashoshi a ɗakin injuna guda, a mayar da su haske, sannan a tura hasken cikin wayar fiba zuwa kowane bene da kowane gida. Sau da yawa zare ɗaya ne ke ɗauke da talabijin da intanet tare. Idan ya samu matsala, gidaje da dama ne ke rasa hoto a lokaci guda, wayar hannun mai gyara kuwa ba za ta huta ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce a ƙasar nan. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda hedikwatarta ke Maitama, ta ce a shekarar 2024 kaɗai an yanke wayar fiba sama da sau 50,000 a faɗin Najeriya, kuma kimanin 30,000 daga ciki aikin titi ne ya jawo su. Sai dai ba kowane ɗaukewar hoto ne yankewar waya ba. Mai gyaran da ya garzaya da diga da shebur tun kafin ya yi awo yakan fasa kwalta, ya ɓata yini, daga baya a tarar ƙura ce ta zauna a bakin kanekta. Ƙa'idar wannan aiki guda ce: a fara da abin da ya fi sauƙi da araha, kowane mataki ya rage faɗin wurin da ake zargi, haƙa kuma ta zo a ƙarshe.

Abin da ke cikin wayar

Zaren fiba gilashi ne mai kaurin mikron 125, hanyar da haske ke bi a tsakiyarsa kuwa mikron 9 ce kacal, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Wannan ƙanƙanta ita ce tushen yawancin matsalolin da za ka gamu da su.

Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, kuma kala-kala ne, ana bambanta su da tsawon zango. A tsarin GPON da ake kai intanet gidaje da shi, 1490 nm ne ke sauko wa mai gida da bayanai, 1310 nm ke komawa sama, talabijin kuma yana hawa 1550 nm. An ba talabijin 1550 ne saboda shi ya fi jure nisa, kuma shi ne amfilifayar haske da ake kira EDFA ke iya ƙara wa ƙarfi. Amma yana da rauni guda da ya kamata ka riƙe: ya fi sauran saurin zubewa idan waya ta lanƙwashe.

Ƙarfin haske ana auna shi da dBm, asararsa kuma da dB. Duk 3 dB da ta tafi, rabin hasken ya tafi. 10 dB kuwa kashi tara cikin goma ke nan. Ga asarar da aka saba gani a layi mai lafiya:

• Zaren kansa: kimanin 0.35 dB a kowace kilomita a 1310, da 0.2 zuwa 0.25 dB a 1550.
• Ɗorin da aka yi da injin narka gilashi: 0.1 dB ko ƙasa da haka.
• Kanekta biyu da aka haɗa baki da baki: 0.2 zuwa 0.5 dB.
• Mai raba haske gida 2: kimanin 3.5 dB, gida 8, kimanin 10.5, gida 16, kusan 14, gida 32, kimanin 17.

Wanda ya haddace waɗannan ya riga ya yi rabin aiki.

Kayan da za su kasance a jakarka

Mitar haske mai iya auna 1310, 1490 da 1550. Biron jan haske. Madubin duba bakin kanekta, irin mai nuna hoto a allo. Kayan goge kanekta: biron gogewa, ƙyalle marar gashi, da sinadarin isopropil mai tsabta. Na'urar OTDR da naɗin wayar share fage na mita 500 ko fiye. Mitar sigina ta talabijin. Injin ɗori da wuƙar yanka gilashi. Sai kuma abin da aka fi mantawa da shi alhali ya fi komai amfani: taswirar layin da littafin awon da aka yi ranar da aka shimfiɗa shi.

Mataki na farko: tambaya

Kafin ka buɗe jaka, yi magana da mutane. Maigadin rukunin gidaje ya fi kowace na'ura sanin abin da ya faru jiya da yamma. Ka gaishe shi, ka tambaye shi:

"Baba, tun yaushe hoton ya ɗauke? Layin nan kaɗai ne ko har na baya? Akwai masu haƙa da suka yi aiki a nan jiya ko shekaranjiya?"

Idan ya ce maka, "Ai jiya da la'asar masu gyaran famfo sun tona bakin gida na huɗu," to ka san inda za ka fara leƙawa.

Amsoshin da za ka samu su ne za su raba maka layin. Idan kowa da kowa ya rasa hoto, matsalar tana ɗakin injuna ko babbar wayar da ta fito daga can. Idan bene ɗaya ne ko layi ɗaya, duba mai raba hasken da ke ciyar da su da wayar da ta je masa. Idan gida ɗaya ne, ƙaramar wayar da ta shiga gidan ce, ko kanektarsa, ko risibarsa.

Akwai alamomin da ke wanke fiba tun daga nan. Idan wasu tashoshi ne suka ɓace wasu na nan garau, galibi ba laifin zare ba ne, domin zare ba ya zaɓar tasha. Koma kan dish da dikodoji da na'urorin ɗakin injuna. Idan hoto na ɗaukewa ne daidai lokacin da hadari ya haɗu, ya dawo da zarar ruwa ya tsagaita, ruwan sama ne ya shiga tsakanin dish da tauraron ɗan'adam. Haka kuma akwai alamar da ke nuna fiba kai tsaye: intanet na aiki, talabijin na yayyagewa, a kan zare ɗaya. Wannan ko dai waya ce ta lanƙwashe, ko amfilifaya ce ta yi rauni, ko kuma na'urar da ke haɗa hasken talabijin da na intanet.

Mataki na biyu: wuta da fitilu

A garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, kada ka zargi gilashi kafin ka tabbatar da wuta. Duba janareta, inbata da baturan ɗakin injuna. Duba allon tiransimita da na amfilifaya: akwai sigina mai shiga? Nawa ne ƙarfin da ke fita? Fankar ciki na juyawa? Ɗakin ya yi zafi? A watannin Maris da Afrilu, idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, amfilifaya kan rage ƙarfi ko ta kashe kanta don kare kanta.

A gidan mai ƙorafi, kalli fitilun akwatin da fiba ta shiga. Jar fitila a kan LOS na nufin haske bai iso ba sam. Idan kuma kana da damar shiga kwamfutar da ke kula da layin, akwai bambanci mai amfani: akwatin da wuta ta ɗauke masa yakan aika saƙon ban kwana kafin ya mutu, wanda aka yanke wa waya kuwa shiru kawai za a ji. Gidaje ashirin da suka yi shiru a sakan guda ba tare da ban kwana ba, waya ce ta tsinke.

Mataki na uku: duba, goge, sake dubawa

Datti a bakin kanekta na cikin manyan dalilan raunin haske a ko'ina a duniya, balle a Abuja daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Sa bakin kanekta a madubi ka gani da idonka. Bakin da ke da tsabta da'ira ce sumul, da ɗan ɗigo a tsakiya. Wanda aka taɓa da yatsa za ka ga maiƙo ya bazu a kansa. Wanda aka bari a buɗe za ka ga ƙwayoyin ƙura baƙaƙe, kuma guda ɗaya tak da ta zauna a kan ɗigon tsakiya ta isa ta rage hasken gida.

Fara da busasshen gogewa. Idan bai fita ba, ɗan jiƙa ƙyalle da isopropil, ka goge, ka bi da busasshe nan take. Kada ka hura da baki, kada ka goga a riga. Goge ɓangarorin biyu, domin mai datti yana shafa wa mai tsabta. Bayan ka goge, sake dubawa kafin ka mayar. Idan bakin amfilifaya ne, kashe hasken tukuna: ƙarfin da ke wurin yana ƙona datti a kan gilashi, ya bar tabon da ba ya gogewa.

A nan ne kuma za ka lura da launi. Koren kanekta, wato APC, an goge bakinsa a karkace da digiri 8 domin hasken da ya yi tsalle kada ya koma baya. Shuɗi, wato UPC, bakinsa a miƙe yake. Layin talabijin kore yake so daga farko har ƙarshe, saboda siginar talabijin ba ta jure hasken da ke komowa. Wanda ya cusa shuɗi a cikin kore don shi ne a hannunsa ya jawo asara mai yawa, kuma yana iya lalata bakunan biyu.

Mataki na huɗu: mita da lissafi

Awo ba shi da amfani idan ba ka san abin da ya kamata ka gani ba. Don haka yi lissafi kafin ka jona mita. A ɗauka wani rukunin gidaje ne, amfilifaya na fitar da +17 dBm. Tsawon layi kilomita 4, asararsa 1 dB. Ɗori 6, asararsu 0.6. Haɗin kanekta 4, asararsu 1.6. Mai raba haske gida 32, asararsa 17. Jimilla 20.2 dB. Ke nan a bakin risibar gida ya kamata mita ta nuna kimanin -3 dBm.

Idan ka tarar da -9, to 6 dB ta ɓace a hanya, wato kashi uku cikin huɗu na hasken da ya kamata ya iso. Yanzu sai neman inda ta ɓace. Kada ka bi gida-gida daga farko. Je tsakiyar layi ka auna. Idan tsakiya lafiya, matsalar na gaba. Idan tsakiya ma da rauni, tana baya. Sake raba rabin da ya rage. Da awo uku ko huɗu za ka killace ta tsakanin akwati biyu.

Tabbatar ka saita mita a kan zangon da kake aunawa. Auna 1550 da mitar da ke kan 1310 na ba da amsar ƙarya. A zaren da ke ɗauke da talabijin da intanet tare, mitar gama-gari haɗa hasken biyu take yi ta ba ka jimilla. Mitar da aka ƙera don irin wannan layi ce ke ware maka kowanne da nasa.

Ka tuna kuma yawan haske ma cuta ne. Akwatin intanet na GPON yakan yi aiki tsakanin -8 da -27 dBm, amma risibar talabijin ta fi shi buƙatar haske sosai, galibi kusa da 0 dBm ko ƙasa kaɗan, gwargwadon abin da takardarta ta faɗa. Gidan da ke maƙwabtaka da ɗakin injuna yana iya samun hasken da ya fi ƙarfin risibarsa, hoto ya lalace. Maganinsa ɗan abin rage haske da ake ɗaurawa a bakin kanekta.

Mataki na biyar: jan haske

Biron jan haske yana tura hasken 650 nm da ido ke gani. A cikin gini da akwatunan ɗori babu kamarsa. Jona shi a gefe ɗaya, ka rage fitilar ɗakin, ka bi wayar da ido. Inda zare ya karye ko ya matse, za ka ga ja na ɓullowa ta cikin rawayar rigarsa: bayan kabad ɗin talabijin da aka tura ya danne waya, ƙarƙashin ƙofa, kusurwar bango da aka naɗe ta da ƙarfi, ko wurin da aka ɗaure ta da igiyar roba har ta shaƙe. Da shi kuma ake tabbatar da wane zare ne wane. Iyakarsa ita ce ba ya ratsa baƙar rigar wayar waje, kuma ba ya wuce 'yan kilomitoci.

Mataki na shida: OTDR

Wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse ya ji muryarsa ta dawo ya san yadda wannan na'ura ke aiki. Tana harba ɗan guntun haske, ta saurari abin da ya dawo, ta lissafa nisa daga lokacin da ya ɗauka, tunda haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi. Tun 1976 aka fito da dabarar. Ko wayoyin ƙarƙashin teku, irin waɗanda suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa ranar 14 ga Maris 2024 har intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, da awo daga tudu ake fara gano nisan ɓarnarsu kafin a tura jirgin gyara.

Kafin ka jona ta, sa mita ka tabbatar babu haske a zaren, domin hasken amfilifaya na iya kashe idon na'urar. Idan dole sai an gwada layi yana aiki, sai da OTDR mai ƙofa ta musamman ta 1625 ko 1650 nm mai tace sauran haske.

Abubuwa huɗu za ka saita. Na farko, nisan gwaji: ya kai kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawon layin. Na biyu, faɗin harbi: gajere yana bambance abubuwan da ke kusa da juna amma ba ya nisa, dogo yana nisa amma yana haɗe su wuri guda. A cikin rukunin gidaje fara da gajere. Na uku, lambar saurin haske a zaren, wadda ke kusa da 1.468 a yawancin zaruruwa. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a nan ya zama mita 50 a layin kilomita 5. Na huɗu, lokacin saurare: ba ta aƙalla sakan 30, idan layin dogo ne minti biyu ko uku. Kuma kullum sa wayar share fage tsakanin na'ura da layi, domin OTDR makauniya ce a 'yan mitocin farko, kuma kanektar farko na cikin waɗanda aka fi zargi.

Ga yadda ake karanta zanen da zai fito:

• Layi mai gangarowa a hankali: zare lafiyayye.
• Ɗan tsalle sama sannan ƙaramin gangare: kanekta. Tsalle mai tsayi sosai na nufin datti, ko rata tsakanin bakuna, ko shuɗi a cikin kore.
• Matakala ƙasa ba tare da tsalle ba: ɗori ne ko lanƙwasa.
• Faɗuwa gaba ɗaya zuwa cikin hayaniya: ƙarshen zare, ko inda ya tsinke. Yanka mai kyau yakan yi tsalle kafin faɗuwa, wanda katafila ta murƙushe kuwa yana iya faɗuwa babu tsalle.

Bambance ɗori da lanƙwasa abu ne mai sauƙi: harba a 1310, ka sake harbawa a 1550. Mugun ɗori asararsa kusan ɗaya ce a duka biyun. Lanƙwasa kuwa za ta nuna ƙaramar asara a 1310, babba a 1550. Zaren waje da aka saba da shi, G.652, ba ya son lanƙwasar da ta matse fiye da milimita 30 daga tsakiya. Na cikin gida, G.657, an ƙera shi ya jure har milimita 10 ko 7.5 gwargwadon ajinsa.

Abubuwa biyu na ruɗar sabon hannu. Wani lokaci za ka ga tsalle a wurin da babu komai, sau da yawa a daidai ninki biyu na nisan wata kanekta mai ƙyalli, kuma babu asara a bayansa. Inuwar waccan kanektar ce. Goge ta, inuwar za ta ragu ko ta ɓace. Wani lokaci kuma ɗori zai nuna kamar haske ya ƙaru. Babu ɗorin da ke ƙara haske: zare iri biyu aka haɗa. Harba daga ɗaya gefen, ka haɗa amsoshin biyu ka raba biyu, ita ce asarar gaskiya.

A layin da ke da mai raba haske, harbi daga ɗakin injuna zai cakuɗa maka dukkan rassan a zane ɗaya. Idan gida ɗaya ko layi ɗaya ake nema, harba daga gidan zuwa sama.

Mataki na bakwai: daga allo zuwa ƙasa

A nan ne ake fasa kwalta a banza. Na'ura tsawon gilashi take aunawa, gilashi kuwa ya fi titi tsawo. Zaren a murɗe yake a cikin rigarsa, don haka ya fi rigar tsawo da ɗan kaso kaɗan. A kowane rami da kowace falwaya mai akwati kuma an bar rarar waya a naɗe. Wanda ya ga mita 1,840 a allo ya hau mota ya ƙirga mita 1,840 daga ɗakin injuna zai wuce wurin da nisa.

Dabarar ita ce a ƙirga daga wuri mafi kusa da aka sani. A ce tsohon awo ya nuna akwatin ɗori na uku yana kan mita 1,610, yau kuma zare ya ƙare a 1,840. Ɓarnar na mita 230 gaba da akwatin. Littafi ya ce an bar rarar mita 20 a wannan ramin, saura 210. Je ramin, karanta lambar mita da aka buga a jikin rigar wayar, ka bi hanyarta da ƙafa. Idan da hali, harba daga ɗaya ƙarshen ma. Inda awo biyu suka haɗu nan ne wurin. Kuma yayin da kake tafiya buɗe ido: sabuwar ƙasa ja, sawun katafila, sabon kwalbati, ramin da aka cire wa murfi, reshen bishiya a kan waya.

Abin da ya fi cin waya a Abuja

A unguwannin farko na birnin, irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro, an tsara hanyoyin bututu a gefen titi. A garuruwan kewaye kamar Kubwa, Karu, Nyanya da sababbin unguwanni, waya kan bi falwaya ko ramin da ba shi da zurfi. A wurare masu dutse irin Katampe, Guzape da Mpape, masu shimfiɗawa kan gaji da fasa dutse su binne ta sama-sama, sai ruwan damina ya tone ta.

Daga Afrilu zuwa Oktoba ramuka na cika da ruwa. Akwatin ɗorin da ba a rufe bakinsa da kyau ba zai sha ruwa da laka, asara ta riƙa hawa a hankali mako bayan mako. Iskar farkon damina na karya rassa a kan wayar sama. Da rani ƙonar daji a bayan gari na narkar da riga, babbar mota mai dogon kaya na tsinke wadda ta yi ƙasa-ƙasa. Ɓera da gafiya na gwaguyar wadda ba ta da sulke. Sai kuma ɓarayi masu zaton tagulla ce a ciki, su sare ta su yar, da masu sace murafun ramuka, abin da ya yi ƙamari har mahukuntan Babban Birnin Tarayya suka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni a farkon 2025.

Idan haske ya cika amma hoto bai gyaru ba

Mita ta nuna daidai, hoto na daskarewa ko yana farfashewa gida-gida? Koma ɓangaren tagulla. Sa mitar sigina a bayan risiba ka duba ƙarfi da inganci, wato MER. Tashoshin dijital ba sa lalacewa a hankali: suna nan garau har inganci ya sauka wani matsayi, sai su faɗi gaba ɗaya. Idan ingancin ya yi ƙasa tun a bakin risiba, auna shi a ɗakin injuna kafin ya shiga tiransimita. Wataƙila siginar da ake ba ta ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Idan a bakin risiba lafiya amma a bango ba lafiya, duba wayar eriya, da kawunanta da suka yi tsatsa, da ƙananan masu raba sigina da aka ƙara a cikin silin ba da saninka ba.

Gyara, da abin da ke bayan gyara

Idan ka samu wurin, kada ka ja bakunan biyu ka haɗa da ƙarfi. Abin da ya tsinke waya ya riga ya ja ta, zaren na iya samun rauni mitoci da dama a kowane gefe. Yanke baya har ka isa lafiyayye, ka sa sabon yanki iri ɗaya, akwati biyu, da rara a kowane gefe. Bi tsarin launi: shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka, fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya, ruwan hoda, ruwan sararin samaniya. Kada ka amince da lambar da injin ɗori ya nuna, hasashe ce. OTDR ce mai shaida. Kada a mayar da ƙasa sai an harba an ga zane mai kyau, mita kuma ta dawo kan lissafi.

Idan ɓarnar a ƙarƙashin titin gwamnati take, nemi izinin hukuma kafin ka fasa. Idan wani ne ya yanke, ɗauki hoto da kwanan wata, ka rubuta rahoto. Tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, kuma rahoto mai hujja ne ke sa a saurare ka.

Daga nan sai rubutu. Ajiye sabon zanen OTDR da sunan layi da lambar zare da kwanan wata. Rubuta wurin sababbin akwatuna da GPS na wayarka, da yawan rarar da ka bari. Manna takarda a kowace waya da ke ɗakin injuna. Awon yau shi ne ma'aunin gyaran gobe, kuma wataƙila ba kai ne za ka zo gobe ba.

Kiyaye kanka

Kada ka taɓa leƙa bakin zare ko kanekta da ido. Hasken ba a ganinsa, ido ba zai ƙifta ba, wanda ke fita daga amfilifaya kuwa ya isa ya yi lahanin da ba ya warkewa. Ɓarɓashin gilashi da ka yanke zuba shi a kwalba mai murfi, kada ka ci abinci a teburin ɗori. Ramin da ya daɗe a rufe a bar shi ya sha iska, a haska a duba maciji da kunama, kuma kada mutum ya shiga babu wani a sama. A kan falwaya, ɗauki kowace wayar lantarki a matsayin mai wuta ko da an ce an ɗauke. A bakin titi sa riga mai ƙyalli da alamar tsayar da motoci.

Kira ga masu rukunin gidaje da manajojin otal: ranar da ɗan kwangila ya gama shimfiɗa muku fiba, kada ku biya kuɗin ƙarshe sai ya miƙa taswirar layi, zanen OTDR na kowane zare a 1310 da 1550, da awon haske na kowane gida. Ku ajiye kwafi a ofis, ku ba mai gyaranku kwafi. Duk wanda zai haƙa a harabarku, mai famfo ne ko mai gini, a nuna masa taswirar kafin ya sara ƙasa.